Waiwaye: Muryar Kujerar Dama

Ranar Lahadi 27 ga Maris 1977, a cikin jiragen nan biyu babu wanda ya yi niyyar sauka a Tenerife. Na kamfanin KLM ya taso daga Amsterdam, na Pan Am daga Los Angeles ya biyo ta New York, dukkansu samfurin Boeing 747, dukkansu kuma sun nufi Las Palmas da ke tsibirin Gran Canaria, ɗaya daga cikin tsibiran Sifaniya da ke teku daura da Maroko. Suna kan hanya bam ya tashi a filin jirgin Las Palmas, hukuma ta rufe filin, aka karkatar da jirage zuwa Los Rodeos, wani ƙaramin fili da ke kan tudu a tsibirin Tenerife. Wurin ajiye jirage ya cika maƙil har aka toshe hanyar gefe. Da aka buɗe Las Palmas, sai ya zama dole duk jirgin da zai tashi ya bi ta kan titin tashin kansa har ƙarshe, ya juyo, sannan ya ba injina wuta.

Kyaftin ɗin KLM, Jacob Veldhuyzen van Zanten, mai shekara 50, ba ƙaramin mutum ba ne a kamfaninsa. Shi ne shugaban masu horar da matuƙan 747, kuma hotonsa ne a tallan kamfanin. Mataimakinsa da ke kujerar dama, Klaas Meurs, ƙwararren matuƙi ne amma sabo a kan wannan samfurin, kuma van Zanten ɗin ne ya yi masa jarrabawar hawa 747 'yan watanni kafin ranar. A bayansu akwai injiniyan jirgi, Willem Schreuder. Kyaftin yana cikin damuwa, domin dokar Holan ta tsananta a kan yawan awoyin da matuƙi zai yi yana aiki, idan lokaci ya ƙure sai dai a kwana a tsibirin, a nema wa fasinja fiye da ɗari biyu masauki. Ya tsaya ya sha mai, abin da ya ƙara ɓata lokaci ya kuma tare wa Pan Am hanya. Kafin a gama, gajimare ya sauko ya lulluɓe filin. Jami'in hasumiya ba ya ganin jiragen, jiragen ba sa ganin juna, filin kuma ba shi da na'urar hango abin da ke motsi a ƙasa.

KLM ya kai ƙarshen titi ya juyo. Pan Am na biye da shi a kan titin, yana lalubar mahaɗar da aka ce ya fita ta ita. Daga nan duk abin da ya faru yana cikin baƙin akwati, kuma ya cancanci a bi shi a hankali.

Juyowar jirgin ke da wuya kyaftin ya fara ba injina wuta. Meurs ya tare shi, ya ce a dakata, ba a ba su izinin hanya ba tukuna. Kyaftin ya janye hannu, ya ce ya sani, a tambaya. Meurs ya kira hasumiya. Hasumiya ta karanto masa hanyar da za su bi bayan sun tashi, wanda ba shi ne izinin tashi ba. Meurs yana tsakiyar maimaita umarnin, kyaftin ya saki birki ya ce su tafi. A wannan karon Meurs bai sake tare shi ba. Abin da ya yi shi ne ya ƙara wa ƙarshen saƙonsa wata jimla mai harshen damo, wadda za a iya fahimtarta da cewa suna bakin tashi, za a iya kuma fahimtarta da cewa sun riga sun fara gudu. Jami'in hasumiya ya ɗauki ma'anar farko, ya amsa da to, ya ɗora da cewa su jira zai kira su. A daidai wannan daƙiƙar matuƙin Pan Am ya danna tasa rediyon yana cewa su fa suna kan titi. Saƙonnin biyu suka yi karo a iska, abin da ya isa kunnen mutanen KLM shi ne "to" ɗin nan, sai ƙara.

Da sauran dama guda. Hasumiya ta ce wa Pan Am ya sanar idan ya bar titin, Pan Am ya ce zai sanar. Wannan ya shiga ɗakin matuƙan KLM sarai, kuma Schreuder ya ji. Ya tambaya: shin bai fita ba ne? Kyaftin ya ce me ka ce? Ya maimaita: Pan American ɗin nan, bai fita ba ne? Kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya fita. Schreuder ya yi shiru. Ba a cika daƙiƙa 20 ba suka yi karo. Mutum 248 da ke cikin KLM babu wanda ya tsira, na Pan Am 335 suka rasu, 61 suka rayu. Jimilla 583, kuma har yau ba a yi hatsarin jirgin sama da ya kai shi asarar rai ba. Da labari ya isa Amsterdam, cikin mutanen da kamfanin ya fara nema don su je bincike har da van Zanten, kafin a gane shi ne a kujerar hagu.

Idan ana ba da wannan labari yawanci a kan kyaftin ake tsayawa, a ce gaggawa, a ce girman kai. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutanen biyu da ke tare da shi sun yi magana. Meurs ya tsayar da maigidansa sau ɗaya, kuma ba ƙaramin abu ba ne ka tsayar da wanda ya sa hannu a takardarka. Schreuder ya tambaya har sau biyu. Gaskiya tana cikin ɗakin, a bakin mutum mai lasisi da shekaru a kan aiki, amma ta fito da siffar tambaya, tambaya kuwa amsa take nema, kuma an ba ta amsa. Da ya ce a tsaya, akwai jirgi a kan titi, da sai kyaftin ya zaɓa tsakanin ya taka birki ko ya take maganar da gangan. Tambayar ta ba shi hanya ta uku mai sauƙi.

Ba a yi shekara biyu ba abin ya sake faruwa a Amurka da wata kama. Ranar 28 ga Disamba 1978 jirgin United samfurin DC-8 ya iso Portland, aka sauke tayoyin sauka aka ji wata ƙara, fitilar da ke nuna taya ta zauna daram ba ta kama ba. Kyaftin Malburn McBroom, mutumin da ya haura awa 27,000 a sama, ya ce a yi ta kewaya har a gano matsalar a kuma shirya fasinja. Suka yi kusan awa ɗaya suna zagaye. Injiniyan jirgin ya faɗa cewa ƙarin minti 15 zai kai su ga ƙarancin mai ƙwarai, mataimakin matuƙi ya yi ta tambayar nawa ya rage. Babu wanda ya ce kyaftin, mu sauka yanzu. Injina huɗu suka mutu ɗaya bayan ɗaya, jirgin ya faɗa wata unguwa, mutum 10 cikin 189 suka rasu, har da injiniyan da ya yi maganar man. Tayar da aka ɓata lokaci a kanta ashe a kulle take.

Sai na Washington, 13 ga Janairu 1982, jirgin Air Florida samfurin 737 a cikin dusar ƙanƙara. Ƙanƙara ta toshe abin da ke auna ƙarfin injin, agogon yana nuna an ba da cikakkiyar wuta alhali ba a ba da ba. Mataimakin, Roger Pettit, tsohon matuƙin jirgin yaƙi ne, ba za a ce masa matsoraci ba, kuma tsakaninsa da kyaftin shekara uku ce kawai. Jirgin na gudu a titi ya ce abin nan ba daidai ba ne, ya sake cewa ba daidai ba ne. Kyaftin ya ce daidai ne. Pettit ya ce shi dai bai ga alama ba, sannan ya sassauta ya ce wataƙila kuma daidai ne. Jirgin ya tashi da ƙyar, ya bugi gada ya faɗa kogin Potomac, mutum 78 suka rasu, huɗu daga cikinsu masu mota ne a kan gadar.

Hatsarin Portland ne ya sa hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta ba da shawarar da a lokacin wasu tsofaffin matuƙa suka yi wa dariya: a koya wa kyaftin yadda zai jawo ra'ayin na ƙasa da shi, a koya wa na ƙasan yadda zai tsaya a kan maganarsa. A 1979 hukumar NASA ta tara masana da kamfanonin jirage a kan batun, a 1981 United ya fara cikakken horon da yau duniya ta sani da CRM. Daga baya, a 1994, hukumar binciken ta duba manyan haɗurra 37 da kuskuren matuƙa ya shiga cikinsu tsakanin 1978 da 1990, ta samu cewa a fiye da kashi 80 cikin ɗari kyaftin ne ke riƙe da tuƙi lokacin da abin ya faru, kuma a cikin waɗanda aka samu bayani a kansu, kusan kashi 73 sun auku ne a ranar farko da matuƙan biyu suka yi aiki tare. Lissafin farkon ba ya nufin kyaftin ya fi mataimaki rashin iya tuƙi. Idan mataimaki ne ke tuƙi ya karkace, kyaftin ba ya jin nauyin gyara masa, nan take yake yi. Idan kyaftin ne ya karkace, gyaran sai ya bi ta kwana-kwana kafin ya iso.

Abin da horon ya kawo ba wani sihiri ba ne. An tsara kalmomin da ake faɗa a kowane mataki, ta yadda idan jirgi ya wuce gudun da ya kamata ko ya yi ƙasa da yawa, wanda ba ya tuƙi dole ya furta, wanda ke tuƙi dole ya amsa. An koya wa mataimaki ya kira kyaftin da sunansa ko muƙaminsa, ya faɗi abin da ya gani ƙarara, ya faɗi abin da yake so a yi, ya nemi amsa. Idan bai samu ba ya ƙara nauyin murya, kuma a kamfanoni da yawa idan ya yi gargaɗi sau biyu ba a amsa ba yana da hurumin karɓe tuƙi. A rediyo ma an gyara: kalmar tashi ba a ambatarta sai lokacin ba da izinin tashin ko soke shi. An kuma ɗora wa kyaftin aikin da ya fi duka wuya ga mai muƙami, wato tun kafin a tayar da inji ya dubi yaron da ke gefensa ya ce masa idan ka ga wani abu ka faɗa, ni ma ina kuskure.

Akwai masu cewa wannan duk matsalar al'ada ce. Marubuci Malcolm Gladwell ya yaɗa wannan ra'ayi a littafinsa Outliers na 2008, inda ya kafa hujja da haɗurran kamfanin Korean Air, musamman na tsibirin Guam a watan Agustan 1997 da ya ci rai fiye da 220, yana cewa al'ummar da ke tsananin girmama na gaba tana haifar da mataimakin da ba ya iya buɗe baki. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma bai ishe ni ba. Mutanen Holan an san su da faɗar magana gatsal, Amurkawa ma haka, ga shi kuwa su ne a Tenerife da Portland da Washington. Duk inda aka zaunar da mutum biyu, ɗaya na iya rubuta rahoton da zai tsayar da ƙarin girman ɗayan, to harshen ɗayan zai yi nauyi, ko da wane yare yake magana.

Duk da haka ba zan ce batun bai shafe mu ba. Yaron da ya tashi a gidan da ba a haɗa ido da babba, aka yi masa tarbiyya da cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, idan ya gama kwalejin horar da matuƙa ta Zariya ya zauna a kujerar dama, ba ya barin wannan tarbiyyar a bakin ƙofar jirgi. Kuma ba na so ya bar ta duka. Sai dai muna da wani abu a gida da ya fi karin maganar rimi dacewa da ɗakin matuƙa. Liman ya yi mantuwa a salla, ya miƙe inda ya kamata ya zauna, wanda ke bayansa ko ɗan shekara goma sha biyar ne zai ce Subhanallah da murya a sarari. Ba ya kewaye-kewaye, ba ya jira a sallame, kuma liman ba ya juyowa bayan salla ya ce wane mara kunya ne. Dalili kuwa shi ne an riga an ajiye kalmar, kowa ya san lokacinta, liman da kansa ya karantar da ita. Gyaran ya zama ɓangaren bin liman. Abin da masana harkar jirage suka kwashe shekaru suna ginawa bayan Tenerife ke nan: a ajiye wa na baya kalmar da zai faɗa ba tare da ya nemi jarumta ba, a kuma saba wa na gaba da jin ta har ya daina ɗaukar ta raini. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba, amma sai mai kayan ya yarda da haka tukuna.

Shi ya sa nake ganin masu ɗora nauyin duka a kan mataimaki, suna cewa ya zama mai ƙarfin hali, sun ɗauko zancen ta wutsiya. Ƙarfin hali abu ne da ke ƙarewa. Meurs ya kashe nasa a tsayarwar farko, da ta biyu ta zo bayan 'yan daƙiƙoƙi ba shi da saura. Wanda ke da ikon sa magana ta yi araha a ɗakin shi ne kyaftin.

An ga hakan ranar 19 ga Yuli 1989. Jirgin United samfurin DC-10 ya taso daga Denver zuwa Chicago, injin da ke wutsiya ya tarwatse, ɓaraguzansa suka yanke dukkan layukan man da ke motsa fukafukai da wutsiya, su uku. Sitiyari ya zama ado. Babu littafin da ya tanadi abin yi, domin masu ƙera jirgin sun ɗauka hakan ba za ta taɓa faruwa ba. Kyaftin Al Haynes ya shiga tambayar mataimakinsa da injiniyansa me suke gani. Aka ce masa akwai wani mai horar da matuƙan DC-10, Dennis Fitch, zaune cikin fasinja yana son taimakawa, ya ce a shigo da shi, ya kuma miƙa masa sandunan ba injina wuta. Da ƙara wa wannan injin wuta a rage wa wancan suka lallaɓa jirgin har filin Sioux City. Ya fashe wajen sauka, mutum 112 suka rasu, amma 184 suka fita da ransu daga jirgin da babu mai tuƙa shi ta hanyar da aka sani. Haynes ya yi shekaru yana ba da lacca a kan ranar, kuma abin da yake yawan maimaitawa shi ne su huɗun sun tara shekara 103 na ƙwarewa, babu ko minti ɗaya a ciki da wani ya taɓa gwada irin wannan, to don me za a ɗauka shi ya fi sauran ukun sani.

Da a nan labarin ya tsaya da an ji daɗi. Amma shekara 30 bayan Tenerife, a daren 5 ga Mayu 2007, jirgin Kenya Airways samfurin 737, sabo fil, ya taso daga Abidjan ya yada zango a Douala zai wuce Nairobi. Ana ruwa da tsawa, jirage biyu na wasu kamfanoni suka zaɓi su ƙara jira. Kyaftin mai shekara 52 ya ga sararin da ya ishe shi, ya tashi ba tare da ya karɓi izinin hasumiya ba, mataimakinsa ɗan shekara 23 bai ce komai ba. Suna hawa cikin duhu kyaftin ya ba da umarnin a kunna na'urar tuƙi mai sarrafa kanta, ya saki sitiyari. Na'urar ba ta kama ba, mataimakin bai tabbatar da baki ba kamar yadda ƙa'ida ta ce, shi ma kyaftin bai nemi tabbacin ba. Kusan minti guda babu mai tuƙa jirgin, yana ta kwantawa dama a hankali. Da ƙararrawar gargaɗi ta yi kuka, kyaftin ya ruɗe ya ƙara karkata shi daman. Mataimakin da ya buɗe baki ya fara cewa dama, sannan ya gyara ya yi ta cewa hagu. Jirgin ya nutse a fadamar Mbanga Pongo, 'yan kilomita daga filin, da mutum 114.

Rahoton da hukumar jiragen saman Kamaru ta fitar a 2010 ya nuna cewa duka biyun sun yi horon CRM, kamar kowane matuƙin zamaninsu. Ya nuna kuma cewa masu horarwa a kamfanin sun sha rubuta cewa kyaftin yana da halin danne abokan aiki da rauni wajen aiki tare, shi kuma mataimakin an rubuta masa cewa yana bukatar ya riƙa sa ido yana furta karkacewa idan ya gani. Halin kowannensu yana cikin fayil ɗinsa tun kafin daren, aka kuma haɗa su a jadawali ɗaya.